Ina Za Mu Kai Baƙo a Gulbin Rima?

A cikin watan Agusta na 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin sha'anin yawon buɗe ido, sa'an nan a cikin Oktoba na 2024 ta gama ta da ma'aikatar al'adu. Manufar ita ce tsofaffin garuruwanmu da kayan tarihinmu su zama hanyar samun kuɗi, kamar yadda su ke a waɗansu ƙasashe. In an zo kawo misali kuwa, galibi Faransa a kan ambata, domin babu ƙasar da ta kai ta karɓar baƙi masu zuwa kallo. To, da ya ke misalin ya yawaita a bakin mutane, mun ga ya kamata mu dube shi da kyau, mu gwada shi da wani wuri namu, watau ƙasar Gobir, daga Isa zuwa Sabon Birni da Tsamaye, inda kufan Alƙalawa ya ke kwance a bakin Gulbin Rima.

ABIN DA BAƘO KE GANI A KWARIN LUWAR

Luwar shi ne kogi mafi tsawo a Faransa, tsawonsa ya haura mil 600. A tsakiyar kwarinsa akwai tsofaffin gidajen sarauta fiye da 300, waɗanda Faransawa ke kira shato. Na farkonsu ganuwoyi ne na yaƙi, na bayansu kuwa gidajen hutawa ne da sarakuna da fadawansu suka gina bayan ƙasa ta lafa. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa wani yanki na kwarin, mai tsawon wajen mil 175, a cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Mafi girma a cikinsu shi ne Shambor, wanda Sarki Faransuwa na Ɗaya ya sa aka soma gininsa a 1519. Ɗakunansa sun haura 400, katangar da ta kewaye dajinsa kuwa ta kai mil 20. A shekarar 2019 mutum fiye da miliyan 1 suka ziyarci wannan gida ɗaya tak. Akwai kuma Shenonso, wanda aka gina doguwar barandarsa a bisa gada, ruwan wani kogi mai suna Sher yana gudu a ƙarƙashinta. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an mai da shi asibiti. A na biyu kuma kogin nan ne ya zama iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, har mutane suka riƙa shiga ta ƙofa ɗaya su fita ta ɗayan, su tsira da rayukansu.

Musulmin da ya je can shi ma ba zai rasa abin da zai tsai da shi ba. A gidan sarautar Ambuwaz ne Faransawa suka tsare Amir Abdulƙadir, mujahidin Aljeriya, daga 1848 zuwa 1852. Waɗansu daga cikin iyalinsa da mabiyansa sun rasu a wannan tsarewa, kaburburansu suna nan a lambun gidan, an killace su ana kuma nuna wa baƙi. Watau har abin da ba na alfahari ba ne a tarihinsu, ba su share shi ba.

Kuɗin ƙofa kaɗan ne daga cikin amfanin. Baƙon da ya zo kallo zai kwana a masauki, ya ci abinci, ya hau mota, ya sayi tsaraba. Da haka ƙananan garuruwan kwarin su ke rayuwa.

YADDA AKA YI SUKA TSIRA

Mai kallon hotunan gidajen nan zai zaci tun da aka gina su a ke tattalinsu. Ba haka ba ne. Da juyin juya hali ya tashi a 1789, Faransawa suka tumɓuke sarauta, a 1793 suka fille wa sarkinsu kai. Aka washe kayan Shambor aka yi gwanjonsu. Gidan sarautar Buluwa ya koma barikin soja. Babbar majami'ar Fontabro, wadda ke ɗauke da kaburburan waɗansu sarakunan Ingila, aka mai da ta gidan yari a 1804, ta kuwa zauna a haka har 1963. 'Yan kasuwa suka riƙa sayen tsofaffin gidaje suna rushewa suna sayar da duwatsun ga magina.

Abin da ya juya al'amarin aiki ne na takarda da alƙalami. A 1830 Gwamnatinsu ta ƙirƙiro muƙamin mai duba gine-ginen tarihi. A 1834 aka naɗa wani marubuci mai suna Merime a kan muƙamin, ya yi ta zagaya ƙasa a keken doki yana dubawa yana rubutawa. A 1837 aka aika wa shugabannin larduna takarda, watau masu matsayi irin na Razdan a da, aka ce kowa ya aiko da sunayen tsofaffin gine-ginen lardinsa, da halin da su ke ciki, da abin da gyaransu zai ci. Daga amsoshin nan aka fitar da jerin farko a 1840, mai ɗauke da wurare wajen 1,000. Bayan jeri sai gyara ya biyo, aka soma na Buluwa a 1845. Bayan gyara sai doka: ta 1913 ta hana mai gida ya rushe ko ya sāke ginin da aka sa cikin jeri sai da izini, ta 1943 kuma ta sa ido a kan duk abin da za a gina kusa da shi har mita 500. Gwamnati ba ta sayi Shambor ba sai 1930. Cincirindon baƙin da a ke labari a yau ya zo ne fiye da shekara ɗari bayan jerin farko.

Masu karatu su lura da yadda abin ya jeru: rubutawa, sa'an nan tsarewa, sa'an nan gyara, daga ƙarshe baƙi da kuɗinsu. Mu kuwa ta wutsiya mu ke so mu kama shi.

Wani zai ce ai nasu na dutse ne, namu na ƙasa. Gaskiya ne, amma dutsen Luwar farin dutse ne mai taushi, ruwa da sanyi suna cinsa, kullum magina suna kansa. Ginin ƙasa kuma yana daɗewa in ya sami mai yaɓe. Masallacin Jenne a Mali kowace shekara mutanen gari ke fitowa su yaɓe shi. Hasumiyar masallacin Agadas ta ƙasa ce, tsawonta wajen mita 27, kuma a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerinta. Ga Gobarau nan tsaye a Katsina. Abin da ke raba mai tsayawa da mai zubewa shi ne kulawa.

NAMU KWARIN

Yanzu mu dawo gida. Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri, sa'an nan ya komo Nijeriya ya faɗa Rima a ƙasar Sabon Birni. Bunsuru da Gagare kuwa ta wajen Isa su ke haɗuwa. Daga nan ruwan ya gangara Goronyo da Wurno har Sakkwato. Duk wanda ya bi hanyar ruwan nan ya bi tarihin ƙasar Hausa ta yamma na shekara 300, gari bayan gari.

A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa suka gangaro daga arewa, inda suka zauna a Birnin Lalle, suka shigo ƙasar Zamfara. Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, ya kafa Alƙalawa ta zama babban birninsa. Masu ba da labari sun ce wurin gonakin Alƙalin Zamfara ne, daga nan sunan ya samo asali. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, Gobir ta kai ƙarshen ƙarfinta. A gaban Bawa ne, a taron Idi na Magami wajen 1788, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ƙi karɓar kyautar zinariya, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sauƙaƙa wa talakawa haraji.

Bayan hijira zuwa Gudu a Fabrairu na 1804 da yaƙin Tafkin Kwatto a Yuni, jama'ar Shehu suka nufo Alƙalawa. A ƙarshen wannan shekara aka gwabza a Tsuntsuwa, kusa da birnin, inda aka ruwaito jama'ar sun rasa mutum wajen 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani 200. Birnin bai faɗi ba sai ran 3 ga Oktoba, 1808, a hannun rundunar Muhammadu Bello, Sarkin Gobir Yunfa kuwa a nan ya cika.

Gobir ba ta ƙare da faɗuwar birninta ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, sai Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, can Sarkin Gobir ya ke zaune har wa yau. A zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku, wanda ya yi mulki daga 1859 zuwa 1866, Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa na Tsibiri ya kafa Sabon Birni. A ɗaya gefen kuma Sakkwato ta jera ribaɗai domin tsaron iyaka, cikinsu akwai Isa, da Wurno inda Bello ya ke kwance tun 1837. Daga ƙarshe Turawa suka zo, Ingila da Faransa suka ja layi tsakanin 1906 da 1908, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni ta faɗa hannun Ingila, aka raba gida ɗaya biyu.

To, ina Luwar ta fi wannan labari? Abin da ta fi mu shi ne nata yana tsaye, an rubuta shi, an auna shi, an sa masa mai gadi. Namu ganuwa ce ta ƙasa wadda damina fiye da 200 ta sauka a kanta tun faɗuwar birnin, ga garma, ga ambaliyar gulbi, ga mai neman ƙasar tubali. Ba za a ce babu doka ba, domin tun 1953 aka yi dokar kayan tarihi a Nijeriya, a 1979 kuma aka kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Kufan Surame na Kanta ya shiga jerin ƙasa tun 1964. Ba za a ce kuma masana sun yi barci ba, domin Garba Nadama ya rubuta tarihin Zamfara a Jami'ar Zariya a 1977, Abdullahi Rafi Augi ya rubuta na Gobir a kwarin Rima a 1984, a 2018 kuma aka yi babban taro a kan Gobir a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Sai dai ilmin ya tsaya a ɗakunan karatu. Malamin makaranta a Tsamaye ya gwada ya tambayi 'yan aji shida sunan babban birnin Faransa, sa'an nan ya tambaye su shekarar da Alƙalawa ta faɗi, alhali ƙaramar hukuma ɗaya su ke da ita. Amsar da ya samu ita za ta gaya masa inda mu ke.

HALIN DA A KE CIKI

Ba za mu yi wannan magana mu tsallake abin da kowa ya sani ba. Ƙasar nan da mu ke zancenta tana cikin wuraren da 'yan bindiga suka fi addaba. Tun 2019 dubban mutane suka ƙetare iyaka zuwa Jihar Maraɗi, musamman wajen Gidan Rumji. A Mayu na 2020 an kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni a yini ɗaya. A Satumba na 2021 Gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, Isa da Sabon Birni suna ciki. A Disamba na wannan shekara aka ƙone matafiya a cikin motarsu kusa da Gidan Bawa. A 2024 kuma aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun ɓarayin a cikin watan Agusta. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Saboda haka duk mai cewa a gina masaukin baƙi a Alƙalawa a yau, bai san hanyar ba. Babu baƙon da zai zo inda manomi ke tsoron zuwa gonarsa. Tsaron rai shi ne farko, kuma nauyin Gwamnati ne, babu wanda zai ɗauke mata.

Mai karatu yana iya cewa, ana ta kai wa ke ta kaya? Amsarmu ita ce, akwai kayan da in aka bar su sai kai ya tsira, ba za a tarar da su ba. Tarihin Gobir rabinsa a ƙasa ya ke, rabinsa a bakin mutane: maroƙan fada, da makaɗa, da limamai, da tsofaffin mata masu riƙe da salsalar gidaje. Mutanen nan ne tashin hankali ya warwatsa. Dattijon da zai iya tsayawa a gona ya ce nan ƙofar birni ta ke, can kasuwa, can maƙabarta, yau yana zaman gudun hijira a Isa ko Sakkwato ko Gidan Rumji, jikokinsa kuwa suna tasowa ba su taɓa ganin gonar ba. Ganuwa za ta iya jiran damina goma nan gaba. Mai shekara 80 fa?

Akwai kuma masu shakka iri biyu. Na farko suna tsoron kada tono labarin Alƙalawa ya ta da tsohuwar gaba. To, Faransawan da suka fille wa sarki kai, jikokinsu ne ke biyan haraji a gyara gidajen sarakunan, ba don suna so sarauta ta komo ba. Ƙasar da ke tsakanin Alƙalawa da Tsuntsuwa tana rufe da mamatan ɓangarorin biyu, zuriyarsu kuma sun daɗe da zama surukan juna da maƙwabtan juna, sahu ɗaya su ke bi a masallaci. Na biyu suna gudun kada kufai ya koma wurin tsafi. Wannan shakka ce mai kyau, maganinta kuwa ilmi ne da sa ido. Muhammadu Bello da kansa ya zauna ya rubuta labarin yaƙoƙin nan a cikin Infaƙul Maisuri a 1812, domin na baya su karanta su yi tunani. Duba kufan waɗanda suka shuɗe domin wa'azi abu ne da malamanmu suka daɗe suna kira a kansa.

AIKIN DA YA HAU KANMU

Aikin da Faransa ta soma da shi a 1837 aikin malaman ofis ne, kuma shi ne ba ya bukatar baƙo ko kwangila. A zamanin En'e babu ƙauyen da malamin hakimi bai san yawan gidajensa da gonakinsa ba, domin littafin haraji ya tilasta masa. Waɗanda suka gaji kujerun nan a ƙananan hukumomin Isa da Sabon Birni za su iya buɗe littafi irin wannan domin kayan tarihi. Ga abin da mu ke ba da shawara.

Na ɗaya, kowace gunduma, Tsamaye da Gatawa da Lajinge da Unguwar Lalle da Kurawa da sauransu, ta rubuta abin da ke cikinta: kufai, da ragowar ganuwa, da tsohuwar rijiya, da marina, da maƙabarta, da fagen yaƙi, da sunan da mutanen wurin ke kiran kowanne, da mai gonar da ya ke ciki. A rubuta daga bakin waɗanda suka sani. Kada a tura kowa daji ya sai da ransa.

Na biyu, malaman makaranta su nemi dattawa a inda gudun hijira ya ajiye su, su ɗauki maganarsu da wayar hannu, da yardarsu, a rubuta ranar da wurin. A yi kwafi biyu, ɗaya a kai Ma'ajiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ɗaya a kai Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Na uku, jami'a ta yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam da tsofaffin hotunan jirgin sama ta zana taswirar ganuwoyin. Sawun ganuwa da gwalalo ya kan fito daga sama ko da ya ɓace wa mai tafiya a ƙasa, wannan kuwa daga ofis a ke yinsa.

Na huɗu, majalisun ƙananan hukumomi su yi dokar hana haƙar ƙasar ganuwa da sayar da abin da aka tono. In dokar ta taɓa gonar talaka, a biya shi diyya, domin wanda aka ƙwace wa gona ba zai zama mai gadin kufai ba. In ranar gyara ta zo kuma, a kira maginan gargajiya. Siminti a kan ginin ƙasa yana kulle damshi a ciki, ya ci ginin ta ƙarƙashi.

Na biyar, a tuna rabin labarin yana Tsibiri da Maraɗi da Birnin Lalle. An rufe iyakar nan daga Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, an sāke rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris na 2024, amma zumunci bai yanke ba. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar tun 1971, akwai jami'a a Maraɗi. Jerin da ya tsaya a kan layin da Turawa suka ja, rabin jeri ne.

Na shida, a koya wa yara. Darasi ɗaya a zango a kan garin da yaro ya fito ba zai ci ko kwabo ba.

Ba mu ce wannan zai kawo wa baitulmali kuɗi baɗi ba. Faransa ta jira shekara ɗari. Amma in Allah ya kawo zaman lafiya, hanya ta buɗe daga Sakkwato zuwa Wurno, zuwa Goronyo da Tsamaye da Sabon Birni, har Tsibiri, baƙin farko da za su bi ta ba Turawa ba ne. 'Yan makarantarmu ne, da Gobirawan da ke zaune Kano da Ikko da Yamai, masu son su nuna wa 'ya'yansu inda kakanni suka fito. Ran nan za su tsaya a bakin gulbi su tambaya ina ne ƙofar birni. Ya kamata a sami littafin da za a buɗe a ba su amsa, malaman da ke karanta wannan shafi kuwa su ne za su rubuta shi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa, amin.